Hayaƙi a Salansa, Baƙin Mai na Raguwa: Kada a Yi Saurin Sauke Inji

 Yau gareji za mu shiga. Maganarmu a kan tsohuwar mota ce irin mai gudun nan, gajeriya da cikinta ya kusa shafar ƙasa, wadda ta fara shan baƙin mai tana kuma fitar da hayaƙi ta salansa. Irin su Porsche ta Jamus, da Mazda RX-8 da MX-5 na Japan. Ba su da yawa a titunanmu, amma sukan shigo jefi-jefi cikin motocin Beljiyam, kuma duk wanda ya mallaki ɗaya ya san kuɗin kayan gyaranta ba wasa ba ne. Mai Golf ko Corolla ko Peugeot 406 kada ya murɗa akwatin rediyonsa zuwa wata tasha, domin mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi injinsa shi ma.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu, jumla guda ce da ake yawan faɗa a gareji. Mutum ya kai mota ya ce tana hayaƙi, bakanike ya taka totur sau biyu, ya leƙa baya, ya ce, "Alhaji, ring ne, sai an sauke inji." Wani lokacin gaskiyarsa ce. Amma sauke inji shi ne aiki mafi tsada a jikin mota, kuma a irin waɗannan motoci, idan aka kwance inji a hannun wanda bai saba da shi ba, da wuya ya koma yadda yake. Akwai abubuwa da dama masu araha da ke kawo hayaƙi iri ɗaya da na ring. Ni a ganina bai kamata a taɓa noti ko ɗaya na cikin inji ba sai an bi waɗannan an kawar da su.

Da farko ma, ka tabbata man yana raguwa, kuma ka san nawa yake raguwa. "Tana shan mai sosai" ba awo ba ne. Ka samu wuri mai lebur, ka riƙa ajiye motar a nan duk lokacin da za ka duba. Inji ya yi zafi, ka kashe shi, ka jira kamar minti goma mai ya gangaro ƙasa, ka zaro sandar awo ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka cika shi zuwa alamar sama, ka rubuta kilomitar da ke kan mita. Bayan ka yi tafiyar kilomita 500 ko 1,000, ka koma wurin nan ka sake dubawa. A yawancin motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce. Wasu kamfanonin Turai sun rubuta a littafin motocinsu cewa shan mai har lita ɗaya a kilomita 1,000 bai fita ƙa'ida ba, musamman ga injin da ake wa tuƙin ƙarfi. Ni ina ganin wannan ya yi yawa ga motar da ke da lafiya, amma dai ya nuna maka cewa ƙara rabin lita bayan doguwar tafiya ba dalilin kwance inji ba ne.

A nan sai ka san motarka, don ba duka ake auna su iri ɗaya ba. Porsche 911 ta da, wadda iska ke sanyaya injinta, da aka yi ta ƙerawa tun 1964 har zuwa 1998, tana ajiye manta a wani tanki daban ne a gefe, kuma takan ci fiye da lita goma. Ana auna ta ne inji na aiki a sulo, bayan ya yi zafi sosai. Wanda bai sani ba sai ya duba ta da safe a kashe, ya ga kamar babu mai, ya ɗura lita biyu ko uku. Da inji ya ɗau zafi, rarar man sai ta bi tiyo ta shiga hanyar iska, mota ta turnuƙe unguwa da hayaƙi, alhali lafiyarta ƙalau. Ita kuwa Mazda RX-8, da aka yi daga 2003 zuwa 2012, da yayarta RX-7, injinsu ba mai fistan ba ne. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, ƙirƙirar wani Bajamushe mai suna Felix Wankel. Wannan inji da gangan yake ɗiga baƙin mai kaɗan-kaɗan a inda fetur ke ƙonewa, don ya shafe bakin kusurwoyin. Shan mai ɗabi'arsa ce. Ranar da ya daina sha, ranar ce ya kamata hankalinka ya tashi.

To, an auna, an ga lallai mai na tafiya. Hanya uku ce kawai yake bi: ko ya zuba waje, ko ya ƙone ya fita ta salansa, ko ya gauraya da ruwan lagireto.

Ta waje ta fi sauƙin ganewa. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. Sai dai kwali mai tsabta bai wanke motar daga zargi ba, domin akwai yoyon da ba ya fitowa sai inji na gudu, famfon mai na turawa da ƙarfi, iska kuma ta kwashe ɗigon ta watsa a titi. Saboda haka a wanke inji tas, a bar shi ya bushe, a yi 'yar tafiya, sannan a ɗaga motar a haska fitila. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya, don haka inda ka ga ya taru ba nan ne mafarinsa ba. Ka bi sawunsa sama da gaba har ka kai wuri mafi tsayi da ya jiƙe. A MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, akwai wata 'yar roba kamar zobe a bayan kan inji, inda na'urar da ke karanta juyawar sandar bawul take. Idan ta bushe, mai yakan bi bayan inji ya sauka daidai mahaɗar inji da giya, sai a ɗauka babban sil ɗin baya ne, wanda sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Robar nan kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma daga sama ake canza ta. Haka ma gaskit ɗin murfin bawul: idan yana tsatsafowa a kan ƙarfen salansa mai zafi, za ka ji ƙauri a cikin mota, ka ga hayaƙi na tashi daga ƙarƙashin bonet. Wannan kada a yi masa jinkiri, yana iya kawo gobara.

Gauraya da ruwa kuma, ka buɗe murfin lagireto inji na sanyi, kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi. Idan ka ga wani abu mai kauri, launin shayi da madara, mai ya shiga ruwa. Nan ma ba kullum ne gaskit ɗin kan inji ba. Wasu motocin suna da wani ɗan akwati inda ruwa ke sanyaya mai, kuma Porsche 944 ta shekarun 1980 ta yi suna wajen lalacewar robobin wannan wuri.

Yanzu mu zo kan hayaƙin, wanda shi ne zuciyar maganar. Launinsa shi ne shaida ta farko. Baƙin hayaƙi mai warin fetur, fetur ne ya yi yawa, sai a nemi nozul ko kafireto ko matatar iska da ta toshe. Farin tururi marar kauri da safiyar hunturu, wanda ke ɓacewa da inji ya yi ɗumi, raɓa ce ta kwana a salansa, ba komai. Fari mai kauri da ba ya tsayawa, mai ɗan ƙamshin zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto kuma na raguwa, ruwa ne ke shiga silinda. Hayaƙin baƙin mai shuɗi-shuɗi ne zuwa toka-toka, yana da ƙauri mai kama maƙogwaro, kuma yana daɗewa a iska bai watse ba. A rana tsaka launukan nan sukan rikice wa ido, sai ka haɗa da hanci.

Abin da ya fi launi amfani shi ne lokacin da hayaƙin ke fitowa, kuma direba ba ya iya ganin wannan da kyau ta madubi. Ka samu ɗan'uwa ko aboki ya bi ka a baya da wata mota, mutum na biyu a gefensa yana ɗaukar bidiyo da waya. Ku nemi hanya mai gangara. Ka saka giya ta uku, inji na juyawa da ɗan ƙarfi, ka ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya ka bar motar ta gangara da kanta. A ƙarshen gangarar ka taka. Idan wani dunƙulen hayaƙi shuɗi ya fito sau ɗaya, sannan salansa ta washe, wannan yana nuna sama ne, wato 'yan robobin da ke wuyan bawul. Dalili shi ne, lokacin da totur ke rufe inji kuma na juyawa, silinda na zuƙa da ƙarfi ba ta samun iska, sai ta zuƙo mai ta gefen sandar bawul idan robar ta bushe. Wannan robar ce kuma ke sa mota ta yi hayaƙi da safe na 'yan daƙiƙoƙi, don mai ya kwana yana ɗiga, ko bayan an daɗe a tsaye cikin cunkoso. Zafi da shekaru ne ke busar da ita, kuma a injuna da dama ana canza ta ba tare da an cire kan inji ba.

Idan kuwa hayaƙin yana fitowa ne lokacin da kake hawa tudu ka danne totur, yana ƙaruwa gwargwadon yadda ka taka, bai yankewa, to zargi ya fara komawa ƙasa, kan ring da bangon silinda. Motar da ke da turbo tana da mai laifi na uku. Turbo yana juyawa ne a kan baƙin mai, kuma in ya gaji yakan saki mai ko ta ɓangaren iska ko ta ɓangaren salansa. A cire tiyon da ke fita daga gare shi a duba. Ɗan maiƙo ba laifi, amma in mai ya kwanta a ciki, an samu bakin zaren.

Kafin a yanke wa ring hukunci, akwai wani abu da na ga ana yawan tsallakewa, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. Kowane inji, ko sabo ne, ɗan hayaƙin ƙonuwa yakan sulale ta gefen fistan ya shiga cikin inji inda mai yake. Kamar tukunya ce a kan wuta: in ka danne murfi ba ka bar wa tururi hanya ba, zai nema wa kansa. Shi ya sa aka yi wa inji hanyar numfashi, tiyo da ɗan bawul da ke mayar da wannan hayaƙi cikin hanyar iska ya sake ƙonewa. In hanyar ta toshe, iska ta taru a ciki, sai ta riƙa turo mai ta kowane sil da gaskit, ka canza wannan wancan ya ɓalle. In kuma ta buɗe fiye da kima, sai inji ya riƙa zuƙar mai kai tsaye.

Porsche Boxster, wadda ta fito a 1996, da 911 mai ruwa da ta biyo bayanta, sun zama abin misali a nan. Suna da wani ɗan akwatin roba da ke raba mai da iska, a cikinsa akwai wata fatar roba siririya. Ranar da fatar nan ta yage, motar takan fitar da hayaƙi fari-shuɗi mai yawan da na baya ba ya ganin hanya. Duk wanda ya gani zai rantse inji ya gama yawo. Gwajinsa kuwa ba ya buƙatar ko sifana. Inji na sulo, ka je ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. A mota mai lafiya za ka ji ɗan zuƙa kaɗan, murfin ya fito ba gardama. In fatar ta yage, murfin zai manne kamar ana riƙe da shi daga ciki, wani lokaci har da ƙara kamar fito. Canza akwatin aikin yini ɗaya ne. Amma kada a ci gaba da tuƙa ta a haka, domin idan mai ya shiga silinda da yawa, fistan ba ya iya matse ruwa-ruwa, sai sandarsa ta lanƙwashe, ƙaramar matsala ta zama babba. Bayan an gyara ma, hayaƙi zai ci gaba na ɗan lokaci har man da ya kwanta a hanyar iska da salansa ya ƙone, kada a ce gyaran bai yi ba.

Wani abu kuma game da injin Porsche 911 da Boxster: silindoginsa shida a kwance suke, uku dama uku hagu. In motar ta kwana biyu a ajiye, musamman a wuri mai karkata, ɗan mai yakan sulale ya wuce ring, ta yi hayaƙi sau ɗaya wajen tayarwa. Masu irin motar sun san wannan, ba ciwo ba ne in dai bai zama kullum ba.

In an wuce duk waɗannan hayaƙi na nan, sai a kwance fulogi. A jera su a kan kwali bisa tsarin silindoginsu, kada a cakuɗa. Mai lafiya bakinsa busasshe ne, ruwan ƙasa-ƙasa. Wanda mai ke isa gare shi zai yi baƙi da maiƙo, ko ya tara wani ɓawo mai kama da toka. Wanda ya fi sauran haske fes kamar an wanke shi, sau da yawa ruwa ne ke shiga wannan silinda. In duka sun yi baƙi daidai wa daida, a koma kan abin da ya haɗa su, wato hanyar numfashi ko turbo. In ɗaya ne tak, matsalar tana wannan silinda.

Sannan a auna ƙarfin matsi. Ana yin sa inji da ɗumi, an cire fulogi duka, an katse fetur da wuta, totur a buɗe har ƙasa. Ba lambar kanta ce ta fi muhimmanci ba, a'a, yadda silindogin suka yi kusa da juna ne. Bambancin da ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 abin bincike ne. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta haura sosai, ring ne, don man ya toshe gibin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, a nemi bawul ko gaskit. A injin da silindoginsa ke kwance wannan dabarar ba ta cika faɗin gaskiya ba, saboda man yakan kwanta a gefe ɗaya. Gwajin da ya fi wannan shi ne a hura iska cikin silinda, fistan na sama, bawul duka a rufe, a kasa kunne. In iska na fita ta murfin mai, ring ne. In ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi. In ta hanyar shigar iska, bawul ɗin shiga. In kumfa na tasowa a lagireto, gaskit ɗin kan inji ya tafi.

A lura da abu ɗaya. Fistan yawanci ring uku gare shi, biyu na sama na riƙe matsi, na ƙasa shi ke share mai daga bango. Na ƙasan nan yana iya maƙalewa da dattin ƙonannen mai alhali na sama lafiya lau, sai awo ya fito da kyau mota kuma na shan mai. Wannan yakan samu motar da aka daɗe ba a yi mata juye ba, ko wadda ta shekara a ajiye. Yanzu kuma akwai 'yar kyamara mai siririyar waya da ake haɗawa da wayar hannu, a zura ta ramin fulogi a ga bangon silinda ƙuru-ƙuru. In akwai zane-zane masu zurfi daga sama zuwa ƙasa, to magana ta ƙare, sai aikin inji, kuma sabon ring kaɗai ba zai riƙe a kan bangon da ya karce ba. Wasu 911 na shekarun 2000 suna da wannan ciwo, alamarsa bakin salansa ɗaya ya fi ɗaya baƙi, ga ƙara ƙas-ƙas a sulo. Ina roƙon kanikawanmu, musamman matasa masu tasowa, su mallaki ma'aunin matsi da wannan kyamara. Kuɗinsu bai kai na gyaran inji ɗaya ba, kuma mai mota ya fi sakin jiki da wanda ya nuna masa hoto a kan wanda ya ce masa "na san aikina."

Saura maganar dabarun ɓoye hayaƙi. Ana zuba mai mai kauri, ko wani sinadari mai yauƙi kamar zuma, hayaƙi ya ragu. Ga tsohon inji da aka ƙera shi don mai mai kauri irin 20W-50, a zafin ƙasarmu, ba laifi. Amma injin da aka yi wa ƙananan hanyoyin mai, in ka cika masa kauri, man ba ya isa sama da wuri lokacin tayarwa, garin neman gira a rasa ido. Ka bi abin da littafin motar ya ce, ka kuma sayi mai a rufe daga wurin da ka amince da shi. Mai niyyar sayen irin wannan mota, ya je ya gan ta da sassafe, ya dafa inji ya ji da sanyi kafin a tayar. In ya tarar an riga an ɗumama ta, ya ce zai dawo gobe. Kuma rashin hayaƙi ba shaidar lafiya ba ne, domin tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa tana ƙone wani ɓangare na man kafin ya fito, har ranar da ita ma man zai kashe ta.

Motar da aka ƙera don titunan Jamus ko Japan, in ta zo nan, babban abokin gabanta ƙura ce. Hancinta a ƙasa yake, tana shaƙar abin da manyan motoci suka tayar. Matatar iska da ta yage, ko tiyon da ya tsage bayan matata, cikin hunturu ɗaya zai iya cinye ring da bangon silinda. A riƙa dubawa, kuma a daina huda matata ko cire ta wai don mota ta ƙara gudu.

Duk gwajin da za a yi inji na aiki, a yi shi a fili. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen gareji. Tsohon man da aka juye a tara shi a jarka, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya. In kuma fitilar mai ja ta kama kana cikin tafiya, ka gangara gefe ka kashe inji nan take, ko da kana hango gida, don inji ba ya jure ko 'yan mintuna babu mai.